Ɗari uku a gida, casa'in da biyar a Ingila

Awudu: Jama'a barkanmu da warhaka, daga Nima a Accra muke magana. Yau kurket, wasan sanda da ƙwallo, ce a gabanmu. Alhaji, tun da aka buga ta a filin Achimota lokacin wasannin Afirka a 2024 ka hana mu sakat.

Alhaji: To ai ku ne kuka ɗauka duniya ta ƙare a ƙwallon ƙafar Hearts da Kotoko.

Rabi: Ni dai tambayata ɗaya ce, Baba Alhaji. Na ce maka David Warner gwani ne, ka taɓe baki. Mutumin da ya ci maki 335 a bugu guda, ba a fitar da shi ba?

Alhaji: A ina ya ci?

Rabi: A Adiled, da Pakistan, 2019.

Alhaji: Wato a tsakar gidansu, Ostareliya. Koma baya da 'yan watanni, shekarar nan dai. Ya je Ingila, ya shiga bugu sau goma, abin da ya tara duka 95. Stuart Broad, mai jefa ƙwallo na Ingila, shi kaɗai ya fitar da shi sau bakwai. Har ya yi ritaya bai taɓa cin ɗari a wasan kwana biyar a ƙasar Ingila ba.

Awudu: Sau bakwai mutum ɗaya? Wannan ai ya zama abokin ciniki.

Rabi: Amma me Ingila take da shi? Sanda ɗaya ce, ƙwallo ɗaya.

Alhaji: Ba ɗaya ba ne, 'yata. A Ostareliya da ƙwallon Kookaburra ake wasa, ƙasa da tauri, ƙwallo ya daki ƙasa ya taso maka sak. A Ingila Dukes ne, ɗinkinsa ya fi tudu, ga ciyawa a fili, ga hadari a sama. Sai a jefo maka shi kamar zai zo ƙafarka, kana kai sanda ya goce, ya lashi gefenta kaɗan, masu cafka na bayanka suna jira da hannu buɗe.

Awudu: Kenan kowane baƙo haka yake shan kashi a can.

Alhaji: Da fari, galibi. Virat Kohli na Indiya ya je a 2014, bugu goma, maki 134. James Anderson na Ingila ya gane lagonsa: ya riƙa jefa masa ƙwallo can gefe, shi kuwa yana miƙa sanda yana bi. Da ya dawo a 2018 ya matso gaba, ya koyi ƙyale wanda ba nasa ba. Ya tara 593, Anderson bai fitar da shi ko sau ɗaya ba.

Rabi: Tsaya, Baba. A wasan farko, da ya ci 149, ai yana kan 21 aka saki ƙwallonsa, kuma Anderson ne ya jefa. Da an cafke fa? Ga shi Indiya ta sha kashi huɗu da ɗaya.

Alhaji: Sa'a tana ba ka yini guda, ba ta ba ka wasa biyar. Kashin da suka sha kuma, sai a tambayi sauran goman.

Awudu: To Brian Lara na West Indies fa? Da 375 ɗinsa na 1994 da 400 na 2004, duk a Antiguwa, tsibiri a yankinsu, ya yi su. Gida ne ai.

Alhaji: Shi ya sa ba da su nake auna shi ba. Je ki duba, Rabi, 277 a Sidni a 1993, har ya raɗa wa 'yarsa sunan garin. Sannan Siri Lanka a 2001: wasa uku, maki 688, a gaban Muralitharan, gwanin jefa ƙwallonsu, a filin da ƙwallo ke juyawa kamar an aike shi. Ƙungiyarsa ta faɗi duka ukun.

Rabi: Duk da haka ban yarda a zubar da abin da mutum ya ci a gida ba. Rabin wasanninsa fa kenan.

Alhaji: Ban ce a zubar ba. Rubuta shi, amma a wani shafi daban.

Awudu: Ku ƙarasa a wurin mai koko, batirin na'urar nan ya fara ja.