Lekki da Ajah: ƙasa siririya tsakanin ruwa biyu, jama'a kuwa ba wanda ya san adadinsu

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau sharhin namu bakin teku zai kai mu, can gabashin Legas, yankin nan na Lekki da Ajah wanda da wuya ka samu gari a arewa da ba shi da ɗa ko ɗaya da ke neman abinci a can, wani gadi yake yi, wani tura ruwa, wani lebura ne a wajen gini, wani kuma teburin shayi ya kafa a bakin titi.

Shi wurin nan wani dogon zirin ƙasa ne na yashi da fadama, ya taso daga Victoria Island ya miƙe gabas wajen kilomita 70 zuwa 80, ta kudu tekun Atlantika na dukansa, ta arewa kuma tafkin Legas da tafkin Lekki sun tokare shi. Babu tudu babu dutse, ƙasar shimfiɗe take kuma kaɗan ta ɗara ruwan teku tsawo, shi ya sa in aka yi ruwan sama mai ƙarfi kamar ka zuba ruwa a faranti ne, ba shi da gangaren da zai bi sai dai ya kwanta inda ya sauka. Wanda ya ga abin da ya faru a watan Yulin 2017 ko Yulin 2024 ya san me nake faɗa, manyan motoci na miliyoyi a cikin ruwa har gilashi, mutane na naɗe wando suna ratsa titi. Kuma abin takaici duk da ruwa ya kewaye wurin ta ko'ina, na sha wahala yake, ka haƙa bohol ruwan ya fito ja-ja yana warin ƙarfe, wani wurin ma da ɗanɗanon gishiri, dole sai an sayi na tanka ko na 'yan garuwa.

Asalin masu wurin masunta ne da masu gonakin kwakwa, Yarabawan Awori da Ijebu, ga kuma Egun da Ilaje da ke zaune a bakin ruwa da kwale-kwalensu. Ƙauyuka ne a da, Ajah, Badore, Sangotedo, Okun Alfa, Ikota. Yanzu je ka gani, duk sun haɗe sun zama gari guda, rukunin gidaje masu get da katanga suna bin juna, an sare itatuwan fadama an cike da yashin da ake yasowa daga cikin tafki an ɗora bene a kai. Fadamar nan kuwa ita ce ke shanye ruwan sama tun fil'azal. In kana son ganin yadda ƙasar take kafin a cike ta sai dai ka shiga gandun dajin nan na Lekki da aka keɓe a 1990, hekta 78 ne kacal, shi ma gine-gine sun yi masa ƙawanya.

Ita ma tekun ba zaune take ba. Tun farkon ƙarnin da ya wuce da Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Legas, yashin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma ya daina wucewa gabas yadda ya saba, sai teku ta shiga cin gaɓa. Haka ta cinye gaɓar Bar Beach da ke Victoria Island har sai da aka zo aka yi katangar tare teku ta sabon birnin Eko Atlantic, mutanen Okun Alfa kuma shekara da shekaru suna kuka cewa teku ta ci musu gidaje da hanya da itatuwan kwakwa. A watan Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa masu kwana a bukkokin bakin tekun Kuramo ta tafi da rayuka.

To yanzu ga inda ni abin ya fi damuna. Mutum nawa ne ke zaune a wannan zirin ƙasa? Ƙidayar ƙarshe da Najeriya ta yi a 2006 ce. A lokacin an ce ƙaramar hukumar Eti-Osa, wadda Lekki da Ajah ke ciki, ba ta kai mutum dubu 300 ba, Ibeju-Lekki kuma dubu ɗari da 'yan kai. Ita kanta jihar Legas gwamnatin tarayya ta ce mutum miliyan 9 ne da wani abu, gwamnatin jihar ta ce sam ba ta yarda ba, nata lissafin ya haura miliyan 17. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Don Allah duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin gadar Ajah da ƙarfe shida na safe ya ga yadda mutane ke tururuwa suna rububin shiga motocin hayar nan na danfo, ya gaya min ko wancan adadin na 2006 yana da sauran amfani. Amma da me za a auna faɗin kwalbati, da me za a san makarantun gwamnati nawa ake buƙata da gadajen asibiti nawa, in ba a san yawan mutanen ba? Gini ake ta yi a kan kintace.

Ga shi kuma kullum ƙara jawo mutane ake yi. A watan Janairun 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki, a watan Mayun shekarar aka ƙaddamar da matatar man Dangote a Ibeju-Lekki mai ƙarfin tace ganga dubu 650 a rana, a 2024 kuma aka fara babbar hanyar bakin teku da aka ce za ta kai Kalaba. Ayyuka ne manya kuma ina murna da su, aiki ne ga matasa. Sai dai shekaru da yawa duk wannan yanki babban titi ɗaya ya dogara da shi, na Lekki zuwa Epe, shi mai zuwa ofis zai bi, shi tifar yashi za ta bi, shi tirela da tankar mai za su bi, mutum ya fito gida tun kafin asuba don tafiyar da ba ta kai ta kawo ba ya kwashe awanni a gosulo.

Kuma in an tashi neman fili, talaka ake fara tasa. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko, wata unguwar talakawa kusa da Victoria Island, wa'adin kwana bakwai sannan aka sa katafila aka baje unguwar, mutum wajen dubu 300 suka rasa matsuguni, wasu aka watsa su Ilasan da Ikota, filin kuma yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Haka aka yi wa masuntan Otodo Gbame a ƙarshen 2016 da kuma 2017, mutum sama da dubu 30, wasu a cikin kwale-kwale suka riƙa kwana da 'ya'yansu. Babbar kotun Legas ta ce a watan Yunin 2017 korar da aka yi musu ba tare da an ba su wani wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki, amma gidan da aka rushe ya riga ya rushe.

'Yan uwanmu 'yan ci-rani kuwa su ko a lissafin ma ba sa fitowa. Mai gadi yana kwana a ɗan ɗakin bakin get, lebura yana kwana a kangon da yake ginawa, in an gama gini ya naɗe tabarmarsa ya koma wani kangon, ba adireshi ba takardar haya. Da aka hana acaɓa a Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi biyar daga 1 ga watan Yunin 2022, samari da yawa daga arewa da Nijar sun wayi gari ba sana'a, wasu suka matsa can gaba wajen Ibeju inda ba kwalta ba magudanar ruwa. Su ne ke zaune a wuraren da ruwa ya fi kwanciya, su ne sauro ya fi ci, in ambaliya ta zo kuma ba wanda zai ce ga adadin da abin ya shafa tunda dama ba a rubuta su ba.

Ni a ganina kafin a sake ba wani kamfani izinin cike fadama ko taku ɗaya, ya kamata gwamnatin Legas ta ƙirga mutanen yankin nan unguwa-unguwa, har da na kango da na bakin ruwa, ta kuma bar hanyoyin ruwan da suka rage a buɗe. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Ajah da kewaye su ma ba sai sun jira gwamnati ba, su buɗe rajista su san waye ya zo, daga wane gari, a ina yake kwana, ko don ranar da wani abu zai faru a san wa za a nema.

Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin hawa mota bayan an gama girbi, in ka isa aka nuna maka ɗakin haya a Ajah ko Badore da rani, kar ka biya sai ka duba jikin bango ka ga iya inda ruwan bara ya tsaya, ka kuma tambayi maƙwabta nawa suke sayen jarkar ruwa. Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu shiri na gaba.