Me ya sa katin ɗaurin aure ke darewa a wurin ninki?

Assalamu alaikum. Tunda hunturu ya shigo, hotunan katin ɗaurin aure ke ta yawo a WhatsApp a nan Gombe. An ninke kati, sai ga farin layi a kan ninkin, tawada ta dare. Kowa na cewa tawadar ce jabu. Ba ita ba ce.

Ku dubi wannan asabarin. Ta inda karansa suka bi yana naɗuwa salin alin. A gicciye kuwa, in na matsa, karyewa zai yi. Haka takarda take. A masana'anta ana kwarara kunun itace a kan wata raga mai gudu, sai yawancin zaruruwan su kwanta suna fuskantar inda ragar ta nufa. Wannan kwanciyar ita ce jijiyar takarda.

To ga inda ake yin kuskuren: wurin yanka, tun ba a kunna injin bugawa ba. Babban kati ya zo, mai yanka yana lissafin yadda zai fitar da guda da yawa, sai ya juya shi ta inda ya fi auki. Ni ban ga laifinsa sosai ba, kati ya yi tsada. Amma da wannan juyin ninki ya faɗa a gicciyen jijiya. Ku matso ku gani. Zaruruwan waje suna miƙewa, suna tsinkewa, su tafi da tawadar da ke kansu. Kati mai kauri, kamar mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ya fi yin haka, balle ga iskar hunturu ta busar da shi ƙayau.

Gane jijiyar ba wuya. Lanƙwasa takardar ta tsaye, sannan ta kwance. Inda ta bi ka ba gardama, layin lanƙwasar nan jijiya ta bi. Ko ka yaga ta: yaga mai bin jijiya miƙewa yake yi, ɗayan kuwa sai ya karkace.

Littafi ma haka. In jijiya ba ta bi layin ɗinkin littafin ba, shafuka ba sa kwanciya, da damina kuma su yi tudu da kwari, don zare a faɗi yake kumbura in ya sha danshi.

In za ka ba da aiki, ka ce: “Malam, don Allah ninkin ya bi jijiya, kuma a danna masa layi kafin a ninke.” Ga kati biyu, tawada ɗaya, inji ɗaya. Na daman nan shi ya bi jijiya. Bari in ninke shi ku gani.