Jirgin ƙasa mai haƙora: yadda yake kai iyali ƙolin dutse

Jirgin ƙasa na yau da kullum ba ya shiri da tudu. Ƙafafunsa ƙarfe ne, layin dogo ma ƙarfe, shi ya sa da hawa ya yi tsanani sai su riƙa juyawa a wuri ɗaya. To, ta yaya ake kai iyali sukutum, har da kaka da jikoki, can ƙolin dutse?

Ku dubi tsakiyar layin jirgi mai haƙora. Akwai ƙarfe na uku mai haƙora, ƙarƙashin injin kuma akwai giya, wato ƙafar ƙarfe mai juyawa, mai irin waɗannan haƙora. Kafin haƙori ɗaya ya saki, wani ya riga ya shiga gurbinsa, don haka babu zancen zamewa. Ku kuma lura da inda injin yake: a baya, yana tura tarago sama. In an juyo, shi ne a ƙasa yana riƙe da nauyin, taragon kuma da nasa birkin daban.

A Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire ta Amurka aka fara hawa dutse da irin wannan jirgi. Sylvester Marsh ne ya shimfiɗa layin, ya kai ƙoli a 1869. Akwai wata gada a hanyar, Jacob's Ladder, inda a kowace mita 100 ake hawa kusan mita 37. Nan ne yara ke shewa, domin duk wanda ya miƙe tsaye sai a gan shi a karkace. Layin Dutsen Pilatus a Suwizalan, da aka buɗe a 1889, ya fi wannan tsanani, ya kai mita 48 a kowace mita 100, har sai da injiniya Eduard Locher ya mai da haƙoran gefe da gefe, giya biyu na matse su.

A ganina, abin da ya kamata iyaye su damu da shi yana can sama. Ƙolin Washington mita 1,917 ne kawai, amma a 1934 an auna iska a wurin tana gudun kilomita 372 a awa. Ko da kun baro zafi a ƙasa, ku riƙe wa kowa rigar sanyi da hula. Dutsen Pikes Peak na jihar Kolorado ta Amurka kuwa, wanda shi ma irin wannan jirgi ke hawa, ya haura mita 4,300, iskar shaƙa ba ta da yawa, ciwon kai da jiri ba wuya. A hana yara guje-guje, a ba su ruwa akai-akai. In kunne ya toshe a hanya, su yi hamma ko su tauna wani abu, jariri kuma a ba shi nono.