Yadda ake tace amsoshin sabe (binciken jin ra'ayin jama'a) a ware na mata, na maza da na matasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau bidiyon namu na masu aikin tattara bayanai ne, ku da kuke shiga ƙauyuka da waya a hannu kuna cike fom a KoboCollect, da ma ɗalibai masu rubuta furojet da suka tura Google Forms a guruf amsa ta taru sun rasa ta inda za su kama.

Ku kalli fayil ɗin da ke kan allo. Na gwaji ne, ni na shirya shi don koyo kawai. Mutum 200 aka tambaya ko sun gamsu da aikin asibitin sha-ka-tafi na garinsu, 140 suka ce eh, wato kashi 70 cikin ɗari. In kuka tsaya nan kuka rubuta rahoto za ku ce ai asibiti lafiya lau yake. Toh amma su wa suke zuwa asibitin nan kullum? Mata ne, su ke zuwa awo, su ke kai yara rigakafi, su ke zaman benci tun safe har azahar da goyo a baya, maigida kuwa wani sai ya shekara bai leƙa ba. Kenan amsarsa da tata ba nauyinsu ɗaya ba, kuma lissafin jimla ya haɗe su ya shanye muryar matar.

Bari mu raba su. In a KoboToolbox kuke, wato shafin da amsoshin KoboCollect suke taruwa, ku shiga aikinku, ku danna Data, sannan Table. Ƙarƙashin kan kowace tambaya akwai ɗan akwati, ku je na jinsi ku zaɓi mace, nan take sauran layukan za su ɓace. Wannan ya isa in leƙawa kawai za ku yi. In aiki ne na sosai ku sauke fayil ɗin ku buɗe shi a Excel, kuma wajen saukewa ku kula ku zaɓi ya fito da sunayen amsoshin, in ba haka ba wani lokacin sai ku tarar da 1 da 2 a wurin jinsi ku zauna kuna tunanin wanne ne mace.

A Excel ku danna kan layin farko, ku haɗa Ctrl da Shift da L, ƙananan kibiyoyi za su fito a saman kowane sahu na tambaya. Wannan shi ne filta. Na danna kibiyar jinsi, na bar mace kaɗai. Ku duba can ƙasa ta hagu, Excel na gaya muku layi nawa ya rage cikin nawa, ga shi nan 90 cikin 200. Cikin 90 ɗin nan waɗanda suka ce sun gamsu 40 ne, ko rabi ba su kai ba. Fayil ɗaya ne fa, babu abin da na canza.

Wani abu da yake ɓata wa mutane aiki, in kun bar tambayar jinsi a buɗe kowa ya rubuta da hannunsa, wannan ya sa mace, wancan ya sa macce, wata ta sa F, to filta zai ɗauke su abu uku daban, ku zaɓi ɗaya sauran matan su zube ba ku sani ba. Shi ya sa tun wajen haɗa fom ake yin ta ta zaɓi. In kuma aikin gama ya gama, sai ku gyara rubutun su zama iri ɗaya kafin ku fara tacewa. Shekaru ma haka, ku tara su rukuni-rukuni, 15 zuwa 19, 20 zuwa 24, kamar yadda babban binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya kasa matan da ya tambaya 'yan shekara 15 zuwa 49, ko ba komai za ku iya gwada naku da nasu.

Sai tarkon da na fi so ku riƙe, don ni kaina ya taɓa kama ni a wata ƙungiya da na yi wa aiki. Na tace mata, na ƙara da 'yan ƙasa da shekara 20, na ƙara da ƙauye ɗaya, sai na ga duka sun ce ba su gamsu ba, na rubuta kashi ɗari. Da aka tambaye ni su nawa ne na koma na duba, mutum huɗu. Tun ranar duk inda na rubuta kaso sai na rubuta adadin mutanen a gefensa.

Kuma akwai amana a ciki. In kuka tace har ya zama bazawara, 'yar shekara 19, a unguwa kaza, wallahi ko babu suna duk garin sun san wace ce, alhali ta faɗa muku maganarta ne don kun ce sirri ne. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ku cire sahun suna da lambar waya da na GPS kafin fayil ya bar hannunku, rukunin da ya yi ƙanƙanta kuma ku haɗe shi da na kusa da shi.

Abu na ƙarshe, filta ɓoye layuka yake yi ba gogewa ba. In kuka yi lissafi da SUM, wato umarnin Excel na fitar da jimla, zai haɗa har da na ɓoyen, ku yi amfani da SUBTOTAL shi ne yake ƙirga abin da ido ke gani kaɗai. In kun gama ku sake danna Ctrl, Shift, L ɗin nan, duka 200 ɗin su dawo, sannan ku yi sebin.