Kachala: ciyawar da ta shaƙe fadamun Haɗejiya da Nguru

Akwai wata ciyawa da ya kamata ku sani da kyau. Ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero, sai dai babu ƙwayar hatsi ko ɗaya a jikinta. Sunanta kachala. Duk wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale tsakanin Haɗejiya da Nguru ya san ta, kuma ba da alheri ba.

A da, wannan fadama tana da lokutanta. Da damina ruwa ya malalo ya shafe ko'ina, kifi ya hau ya yi ƙwai, bado ya buɗe fure. Da rani ruwa ya ja baya, manomi ya shiga, makiyayi ya biyo da shanunsa. Wannan bushewar ce ke taka wa kachala birki, domin ba ta jure ƙasa busasshiya.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa. Ambaliyar shekara ta ragu, amma ruwa ya koma kwanciya a wasu wurare rani da damina. Ga kachala, abin nema ya samu ke nan.

Yadda take cin ƙasa akwai ban tsoro. Kai guda na sakin dubban iri masu laushi kamar auduga, iska ta kwashe su. A ƙarƙashin laka kuma saiwarta na rarrafe tana tsiro da sababbi, har ta yi cunkus ta hana rana taɓa ruwa. Bado ya mutu, ciyawar kiwo ta ɓace, masunci ya rasa inda zai jefa taru. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona, wurin da aka keɓe wa tsuntsaye a yankin fadamar, sararin ruwa suke nema, ba duhuwa ba.

Su wa suka ji daɗinta? Sauro, da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, da tsuntsun jan-baki, wanda ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne toshe hanyoyin ruwa. Wani gari na fama da ambaliya, na ƙasa da shi kuwa na kukan ruwa bai iso ba.

Ƙona ta ba ya kashe saiwar. Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda iska ba za ta kai ga tushen ba, kuma a maimaita. Aiki ne na gayya, da lauje, cikin ruwa har ƙirji.