Maganin damuwa da yaron da ba ya shiga mutane

(Laccar da wata likita ta yi wa iyaye a Aboabo, Kumasi. An rubuto ta daga rikodin.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena mata, sannunku da zuwa.

Tambayar da ta fi yawa a takardun da kuka miƙo ita ce ta yaro mai otizim, wato wani yanayi na ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda yake mu'amala da mutane: ba ya gaisuwa, ba ya haɗa ido da mutum, ranar suna ko biki sai ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa. Shin akwai ƙwayar da za ta sa ya shiga mutane? Wasu har sun rubuto sunan magani, fluoxetine, wanda maganin ciwon damuwa ne, wai 'yan'uwa da ke Ingila ne suka ba su labari.

Ga asalin maganar. Fluoxetine yana aiki ne a kan wani sinadari, sirotonin, da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, ko da yake kusan kashi 90 cikin 100 a hanji ake yin sa. A 1961 wasu masana biyu a Amurka, Schain da Freedman, suka auna jinin yara masu otizim, suka tarar na wasu ya hau. Masu bincike na baya sun ga haka a wajen yaro ɗaya cikin huɗu. Amma ku lura, na jini aka auna, kuma na jini ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa.

Duk da haka aka bi ta nan. A shekarun 1980 aka gwada fenfluramine, mai rage sirotonin na jini. Da farko an yi murna, da aka faɗaɗa gwajin sai aka tashi a tutar babu. A 1997 ma aka janye shi daga kasuwa saboda yana taɓa zuciya. A 2009 aka wallafa gwajin citalopram, ɗan gidan su fluoxetine, a kan yara 149. An ba wasu maganin, wasu kuma abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, don a ga ko maimaita abu ɗaya da suke yi zai ragu. Bayan mako 12 babu bambanci, sai dai waɗanda suka sha na gasken sun fi fama da rashin barci, gudawa da rashin zama wuri ɗaya.

To wa maganin zai amfana? Ku ɗauki saurayi mai otizim ɗan shekara 16, wanda ya haddace sunan kowane ɗan wasan Asante Kotoko, in ya kama ka da zancen ƙwallo sai ka nemi hanyar gudu. Sai ga shi wata biyu bai ambaci Kotoko ba. An ajiye masa wake da shinkafar da yake so, ta huce bai taɓa ba, asuba tana yi masa ido biyu. Wannan canjin ne ke tayar mini da hankali, domin ciwon damuwa ya fi kama masu otizim, kuma da yawansu ba sa iya cewa raina a ɓace yake. Shi kam a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. In maganin ya karɓe shi, za ku ga ya dawo tsakar gida yana zancensa. Daga nan ne labarin ke yaɗuwa wai ƙwaya ta sa yaro son mutane, alhali damuwar ce ta sake shi, ya koma yadda yake a da.

Don Allah kar a je kemis a saya. Likita kan fara da kaɗan, aikinsa kuma sai an yi makonni. A makonnin farko a sa ido sosai: tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magungunan na iya kawo wa wasu yara da matasa tunanin kashe kansu. Ba a kuma yanke shi rana ɗaya.

Hajiya, na ga hannunki, kuma na san zancen dangi ne da ke cewa ba ki ba shi tarbiyya ba. Ranar biki ki kai shi da wuri, kafin a kunna lasifika, ya gaida kakarsa da kawunsa, sannan a bar shi ya koma ɗaki. In gaisuwar baki ta gagara, ya miƙa hannu ko ya rusuna, ki faɗa wa dangi tun da wuri cewa gaisuwarsa ke nan.