Hanyar Yankari da aljihun magidanci: lacca kan siyasa, tattalin arziki da tafiyar hutu

An gabatar da wannan lacca a Zariya, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayena maza da mata, 'yan uwa, da ɗaliban da nake hangowa a can baya, barkanku da yamma.

An nemi in yi magana kan siyasar ƙasa da tattalin arziki, ni kuma na roƙi a bar ni in haɗa da maganar tafiyar hutu. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Ga abin da ya haɗa su. Ku ɗauki magidanci mai albashi a Samaru ko Tudun Wada. An ba yara hutu, yana so ya kai iyalinsa Yankari su kwana biyu, su ga giwa, yara su yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi, su dawo. Zai iya, ba tare da ya ci bashi ba, ba tare da uwargida ta kwana tana addu'ar kada a tare su ba? Amsar tana wurin kuɗin mai, da darajar naira, da lafiyar hanya, da tsaro. Duk abin da 'yan siyasa ke faɗa a kan dandamali, a nan yake sauka.

Ni mai ra'ayin mazan jiya ne, kowa a nan ya sani. Na yarda hukuma kada ta kashe abin da ba ta samu ba, ta riƙe abin da ta gada kafin ta ɗauko sabo, kuma in canji ya zama dole a yi shi a hankali, yadda talaka zai iya bi.

Mu fara da bashi. A 2005, zamanin Obasanjo, ƙasashen ƙungiyar Paris, wato manyan ƙasashen da ke bin mu bashi, suka yafe wa Najeriya dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12, muka fita. Wannan dama ce da ba kowace ƙasa ke samu ba. A 2024 bashin da ake bin ƙasar nan ya haura naira tiriliyan 100. Gaskiya ne faɗuwar naira ta ƙara kumbura lissafin, amma bashin mu muka ciwo shi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda gwamnatin tarayya ta riƙa karɓa daga Babban Banki, har ya kai tiriliyan 22.7, majalisar dattawa ta amince a watan Mayu na 2023 a mai da shi bashi mai dogon zango. Kuɗi ne da aka ƙirƙira ba tare da an noma ƙarin buhu ɗaya ba. In kuɗi suka yi yawa kaya ba su ƙaru ba, farashi ne ke tashi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Wa ya biya? Malamin firamare, da ɗan fansho, da tsohuwar da ke adashe. Haraji ne aka ɗora musu, ba wanda ya nemi yardarsu, ba wanda ya ba su rasit.

Sai tallafin mai. Zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: ban taɓa ganin tallafin nan zai ɗore ba. Man da aka rage wa kuɗi yana tsallakawa Nijar da Benin da Kamaru, mai motoci biyar ya fi mai keke cin moriyarsa. Amma ku duba yadda aka yi. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabin rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Bayan mako biyu aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dalar da ke kusan 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kafin shekarar ta ƙare lita ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a Yulin 2024 aka kai shi 70,000.

Yanzu mu koma kan magidancin nan. Daga Zariya, ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, ya gangara Bauchi, ya shiga Yankari, tafiyar ta kusa kilomita 500. Zuwa da dawowa ƙaramar mota za ta sha lita 80 zuwa 100. In lita tana 1,000, kuɗin mai kaɗai ya cinye mafi ƙarancin albashi na wata, bai biya masauki ba, bai saya wa yara ko tsire ba. To ya fasa. Da ya fasa, mai abinci a Saminaka ta rasa ciniki, mai faci a Toro ya rasa, mai ja-gora a gandun dajin ya rasa.

Dattawan da ke nan sun ga irin wannan a 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na Babangida. A shekarar aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumomin nan suna da laifinsu, sun danne wa manomi farashi. Amma an rushe su ba a kafa abin da zai tsaya wa iri mai kyau da tantance auduga ba. Mu mutanen Zariya mun san me auduga take nufi: gidan gurzar auduga, da binciken iri a Samaru, da masaƙun Kaduna da aka fara tun 1957, waɗanda suka ciyar da dubban gidaje. Ku je Kakuri yau ku gani. Gyara na gari ma, in aka yi shi da garaje, yakan tafi da abin da ba a yi niyya ba.

Kuma tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Wannan ne wurin da nake so matasa ku sa ido, ku rage zagin Abuja kaɗai. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye. Ku tambayi kansilanku nawa ya shigo wannan watan, me aka yi da shi. En'e ta da, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, tana da zaluncinta, shi ya sa jam'iyyar NEPU ta yaƙe ta, ba na kare wannan. Amma wanda ya biya haraji ko jangali ya san baitulmalin da kuɗinsa ya shiga, ya san wanda zai tsare da tambaya. Mulkin da ke kusa da mutum ya fi jin kunyarsa.

Zan ɗan daɗe kan maganar riƙon abin da aka gada, don nan ne ciwon yake. Zariya mahaɗar jirgin ƙasa ce. Dogo ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. Akwai ƙaramin layin da ya tashi daga nan zuwa Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Akwai wanda ya bi Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Gari a gefen tasha ya girma. Iyayenmu da kuɗi kaɗan suke shiga jirgi da ƙunshin dambu su je ganin dangi. Muka bar wannan ya lalace, muka ciwo bashi daga Sin muka shimfiɗa na Abuja zuwa Kaduna, aka buɗe a 2016. Ban ƙi sabon jirgi ba. Amma kamar magidanci ne da ɗakin uwargidansa ke yoyo, ya je ya ranto kuɗi yana gina sabon zaure. Titin Abuja zuwa Kano da ya ratsa mu an fara sake shi a 2018. Ɓangarenmu na Kaduna da Kano ya yi kyau, alhamdulillahi, amma na Abuja zuwa Kaduna ya ja shekaru.

A cikin birni ma haka. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa su kalli bakan gizonsa. A watan Agusta na 2023 wani sashe ya rufta kan masu salla, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama. Ganuwa kuwa, ku bi ta Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana ku ga inda aka haƙe ƙasarta aka yi tubali, da inda gini ya hau kanta. Ba baƙo ne ya yi mana wannan ba.

Tsaro ba ya buƙatar dogon bayani a ɗakin nan. A jiharmu akwai gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, amma shekaru da yawa wa ke tunanin kai yara can? Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 har yanzu yana zukatan mutane. Gwamnatin da ba ta tsare hanya ba, kada ta buga mana kalandar yawon buɗe ido.

Akwai kuma aikin da ba nata ba ne, amma ta ƙi saki. Na taɓa sauka a wani masaukin gwamnati a wata jiha. Gini mai kyau, fili wadatacce, bishiyoyi. Ma'aikata shida a teburin karɓar baƙi, amma famfon banɗaki an ɗaure shi da roba, ruwa sai wani yaro ya kawo a bokiti, janareta an ce ana jiran sa hannu daga ma'aikatar da ke kula da masaukin kafin a sayi mai. Ba miyagun mutane ba ne. Albashinsu zai zo ko baƙo ya kwana ko bai kwana ba, shi ke nan. A ba ɗan kasuwa haya da sharuɗɗa bayyanannu, hukuma ta tsaya kan hanya da tsaro da ruwa.

Mu ma da namu. Masu hali a cikinmu suna sayen dala su kai yara Dubai ko Alkahira hutu, alhali yaran ba su taɓa leƙa rijiyar Kusugu a Daura ba, ba su ga hasumiyar Gobarau a Katsina ba, ba su ziyarci Hubbaren Shehu a Sakkwato ba. Ba na maganar Hajji da Umra, wannan ibada ce. Kuɗinka ne, ba wanda zai hana ka. Amma kowace dala da aka saya don shaƙatawa tana ƙara wa naira nauyi, kuɗin da aka kashe a gida kuwa a gida yake zagayawa. Ku tsaya ƙofar fada ranar Hawan Daushe ku lissafa masu cin abinci daga hawan nan: mai ɗinkin babbar riga da ya yi watanni yana zare, badukun da ya haɗa kayan doki, mai wankin rawani, mai sayar da ciyawa, yarinya mai kunun aya, mai ɗaukar hoto. Ba wanda ya ranto musu jari daga waje. Bikin kamun kifi na Argungu, da aka faro a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ta sa hawan Sallar Kano a 2024. Duniya ta san darajar abin da ke hannunmu.

Kada kuma a ce yawon hutu baƙon abu ne a wurin Bahaushe. Ku je Kwangila ana gobe Salla ku ga mata da goyo, da buhun shinkafa a but, da yara cikin sabon ɗinki, kowa zai je gida. Zumunci ne, kuma shi ne tafiyar hutu mafi girma a ƙasar nan. Bana na san gidaje da dama da suka aika gaisuwa ta waya, don kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Yaron da bai je ƙauyen kakansa ba shekara uku, wata rana ba zai san hanyar ba.

Ga shugabannin makarantu da ke nan, ina da roƙo. Kafin Yankari ta yiwu, Kufena tana nan bayan gari, kuɗin bas ɗaya ne. Ku kai ɗalibai su hau dutsen, a nuna musu inda tsohuwar ganuwa ta bi, a ba su labarin Sarauniya Amina a wurin. Zango mai zuwa ku kai su Kano su ga Dala da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, tafiyar yini ɗaya ce, ku dawo kafin magariba. Masarauta da ƙaramar hukuma kuma su sa mai gadi da ɗan kuɗin shiga mai rasit, a riƙa liƙa lissafinsa a bango duk wata.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda. Sauran lokacin na bar wa masu tambaya. Wassalamu alaikum.